Blaise Pascal (1623–1662): Ɗan Makarantar Gida da Ya Auna Nauyin Iska

A ƙasar Amurka akwai iyalai Kirista masu yawa waɗanda suke koyar da 'ya'yansu a gida maimakon su kai su makaranta. Waɗansu daga cikin irin waɗannan iyalai sukan haɗu domin baje kolin ayyukan kimiyya na yaransu. Kowane yaro yakan zo da allo wanda ya rubuta tambayarsa a kai, da amsar da ya zata tun farko, da yadda ya gwada ta, da abin da ya samu, da kuma abin da ya fahimta daga ƙarshe. Wannan jerin matakai shi ake kira hanyar binciken kimiyya.

Akwai iyayen da wannan hanya take ba su tsoro. Suna ganin yaron da aka koya masa kada ya yarda da magana sai ya gwada, wata rana zai juyo da wannan ma'auni kan bangaskiyarsa. Akwai kuma matasa masu ilimi da suke ganin wanda ya san kimiyya ya wuce zaman majami'a. Dukansu biyu ya kamata su san labarin Blaise Pascal, mutumin Faransa wanda bai taɓa zama a ajin makaranta ba, wanda ya shirya ɗaya daga cikin gwaje-gwaje mafi tsabta a tarihin kimiyya, ya kuma mutu yana riƙe da Yesu Almasihu.

Makarantar Étienne

An haifi Blaise Pascal ran 19 ga Yuni, 1623, a garin Clermont da ke yankin duwatsu na tsakiyar Faransa. Mahaifinsa, Étienne Pascal, alƙali ne a kotun haraji, kuma masanin lissafi ne da ake ji da shi. Mahaifiyarsa, Antoinette Begon, ta rasu a 1626, ta bar yara uku: Gilberte, da Blaise mai shekara 3, da auta Jacqueline. Étienne bai sāke aure ba. A 1631 ya kwashe iyalinsa zuwa birnin Faris, ya ɗauki koyar da 'ya'yansa a matsayin babban aikinsa.

Yawancin abin da aka sani game da wannan makarantar gida ya zo ne daga Gilberte, wadda ta rubuta tarihin ƙanenta bayan rasuwarsa. Bisa ga labarinta, dokar uban ita ce kada a ɗora wa yaro darasin da ya fi ƙarfinsa. Saboda haka bai fara koya masa Latin ba sai da ya kai shekara 12. Kafin nan hira yake yi da shi a kan yadda harsuna suke da ƙa'idodi, da kuma dalilan abubuwan al'ajabi na halitta, kamar yadda albarushi yake kamawa da wuta. Yaron ba ya barin magana sai ya ji dalilinta, in kuwa aka ba shi dalilin da bai gamsar da shi ba, sai ya koma ya nemi nasa.

Yana da shekara kamar 11, wata rana ana cin abinci wani ya bugi farantin tangaran da wuƙa. Blaise ya lura farantin yana ƙara, amma da an ɗora masa hannu sai ƙarar ta tsaya. Ya yi ta yin gwaje-gwaje, daga baya ya rubuta ɗan littafi a kan sauti. Da a zamaninmu ne, wannan shi ne aikin da zai kai baje koli: abin da ya gani a kan teburin gida, da tambaya guda, da gwaji, da rubuta sakamako.

Étienne ya kulle littattafan lissafi, don yana tsoron in yaron ya ɗanɗana su zai watsar da harsuna. Hanin ya ƙara masa ƙwaɗayi. Yana da shekara 12 uban ya same shi a ɗakin wasa yana zane da gawayi a kan daɓe, yana ƙoƙarin tabbatar da cewa kusurwoyi uku na alwatika in an haɗa su daidai suke da kusurwoyi biyu miƙaƙƙu. Ko sunayen siffofin bai sani ba, nasa ya laƙaba musu. Gilberte ta ce uban ya fita bai ce uffan ba, ya tafi gidan wani abokinsa yana hawayen murna. Daga ranar ya janye dokarsa, ya miƙa wa yaron littafin Yuklid. Ba da daɗewa ba ya fara tafiya da shi taron masana da wani limamin Katolika, Marin Mersenne, yake shiryawa a Faris. A 1640 aka buga takardar Blaise ta farko a kan ilimin siffofi, wadda ya rubuta yana ɗan shekara 16, kuma har yau ana koyar da ƙa'idar da ke cikinta da sunansa.

Na'ura domin taimakon uba

A 1638 gwamnati ta kasa biyan ruwan bashin da ta karɓa daga mutanen Faris. Étienne yana cikin waɗanda suka yi ƙorafi a fili, har sai da ya gudu ya ɓuya don kada a jefa shi kurkuku. Jacqueline ce ta ceci gidan. A 1639 ta fito a wani wasan kwaikwayo na yara a gaban Kadinal Richelieu, babban wazirin sarki, da aka gama ta roƙa wa mahaifinta gafara. Richelieu ya yafe masa, ya kuma tura shi birnin Rouen ya kula da sha'anin haraji.

Aikin ya kasance mai cin rai. Kuɗin Faransa na lokacin ba a bisa goma-goma yake ba: ƙananan kuɗi 12 suke yin na tsakiya ɗaya, na tsakiya 20 suke yin babba ɗaya. Dattawanmu da suka yi ciniki kafin zuwan naira a 1973 za su tuna irin wannan lissafi, lokacin da kwabo 12 yake sule, sule 20 kuma fam. Blaise ya ga mahaifinsa yana kai tsakar dare a kan jimla, sai a 1642, yana da shekara 19, ya fara ƙera na'urar da za ta yi tarawa da ɗebewa da kanta ta wurin ƙafafu masu haƙora.

Wahalar tana wajen sa na'urar ta ɗauki ɗaya ta kai gida na gaba in ƙafa ta cika zagaye. Ya ƙera samfuri wajen 50, yana sauya siffa da kayan aiki, kafin ya gabatar da wadda ta gamsar da shi a 1645. A 1649 ya sami takardar izini ta sarki. Na'urar ta yi tsada, ba ta sami kasuwa ba, kuma kaɗan ne suka rage a gidajen adana kayan tarihi. Amma darasin yana nan: samfuri 50 na nufin sau da yawa abin bai yi ba, ya duba inda ya lalace, ya sāke.

Faɗuwa a kan ƙanƙara

A watan Janairu na 1646 Étienne ya zame a kan ƙanƙara ya goce ƙugu. Aka kira waɗansu maɗora biyu, wa da ƙane, suka zauna a gidan wajen wata uku suna jiyyarsa. Mutanen nan mabiya ne na wata farkawa da ta taso cikin ikkilisiyar Katolika, wadda ta bi koyarwar Bishop Cornelius Jansen. Shi kuwa Jansen ya koma ne ga rubuce-rubucen Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, yana nanata cewa zunubi ya lalatar da mutum ƙwarai, kuma ba mai tsira sai ta wurin alherin Allah. Maɗoran suna gyaran ƙashi suna ba da littattafai. Blaise ne ya fara karɓar saƙon, ya jawo Jacqueline, daga baya dukan gidan ya bi.

Ya kamata mai karatu ya lura da shekarar. A cikin 1646 ɗin da zuciyarsa ta fara juyowa ga Allah ne ya shiga binciken da ya fi ɗaukaka sunansa a kimiyya.

Bututu da zaiba

Shekaru wajen 2,000 masana suna bin koyarwar Aristotal cewa ba zai yiwu a sami wuri fanko ba, wato wurin da babu kome a cikinsa ko da iska. Suna cewa halitta tana ƙyamar irin wannan wuri, shi ya sa ruwa yake hawa cikin famfo don ya cike gurbin. Amma masu aikin rijiya a Italiya sun san famfon zuƙa ba ya ɗaga ruwa fiye da kamar mita 10. Wani almajirin Galileo, Evangelista Torricelli, ya cika bututun gilashi mai toshe a baki ɗaya da zaiba, ya kifa shi cikin kwanon zaiba. Zaibar ta sauko ta tsaya a tsayin kamar santimita 76, ta bar sarari a samanta. Torricelli ya yi zaton nauyin iska ne yake danna zaibar da ke cikin kwano, ya riƙe ta cikin bututun.

A watan Oktoba na 1646 wani abokin gidan, Pierre Petit, ya maimaita wannan gwaji a Rouen a gaban Étienne da ɗansa. Blaise bai tsaya nan ba. Garin yana da masana'antar gilashi, sai ya sa aka hura masa bututai masu tsawon mita 12 da ɗoriya, aka ɗaure su a jikin dogayen sanduna. Masu jayayya da shi suna cewa sararin da ake gani a sama cike yake da tururin da ruwan ya fitar. Pascal ya mai da maganarsu abin gwadawa. In haka ne, ruwan inabi, wanda ya fi ruwa saurin fitar da tururi, ya kamata ya sauko ƙasa da inda ruwa zai tsaya. A gaban taron jama'a ya sa suka faɗi abin da suke tsammani tukuna, sa'an nan aka kifa bututu biyu, ɗaya da ruwa, ɗaya da ruwan inabi. Ruwan inabin ya tsaya sama da ruwan, domin bai kai shi nauyi ba. Gani ya kori ji.

Ya buga sakamakon a watan Oktoba na 1647. Wani babban malami ɗan ƙungiyar Jesuit, Étienne Noël, ya rubuto masa yana kāre tsohuwar koyarwa. A cikin amsarsa Pascal ya shimfiɗa ƙa'idar da har yau take tsakiyar binciken kimiyya. Ya bayyana cewa ko da zato ya dace da dukan abubuwan da aka gani, wannan bai isa ya tabbatar da shi ba, gama wani dalili dabam yana iya haifar da abu iri ɗaya. Amma in aka sami abu guda tak da ya saɓa wa zaton, ya rushe ke nan. Yana da shekara 24 a lokacin.

Dutsen Puy de Dôme

Wannan ƙa'ida ta hana shi hutawa a kan nasa ra'ayin. Gwaje-gwajen Rouen sun nuna akwai wuri fanko, amma ba su raba gardama a kan abin da yake riƙe da zaibar ba. Sai ya nemi gwajin da bayanan biyu za su ba da amsa dabam-dabam. In ƙyamar wuri fanko ce, ai ƙyamar ɗaya ce a gindin dutse da ƙwanƙolinsa, zaiba za ta tsaya wuri ɗaya. In kuwa nauyin iska ne, wanda ya hau dutse ya bar wani kashi na iskar a ƙarƙashinsa, dole zaibar ta sauko. Da ta ƙi saukowa, da zaton da yake goyon baya ya faɗi a idon duniya.

Rashin lafiya ya hana shi hawan dutse, kuma Faris ba ta da tudu mai tsawo. Saboda haka a watan Nuwamba na 1647 ya rubuta wa Florin Périer, mijin yayarsa Gilberte, ya roƙe shi ya yi gwajin a kan Puy de Dôme, dutse mai tsayin mita 1,465 kusa da Clermont. Sai ran 19 ga Satumba, 1648, aka sami sarari da yanayi mai kyau.

Da safe Périer ya tara shaidu, limamai da manyan gari, a lambun wani gidan masu zuhudu a cikin Clermont. Ya kawo zaibar da ya tace da kansa, da bututu biyu masu kama da juna. Ya gwada su duka biyu a nan ƙasa, zaiba ta tsaya a wuri ɗaya cikin kowanne, kamar santimita 71. Ya bar bututu ɗaya a lambun, ya sa alama a jikin gilashin, ya roƙi ɗaya daga cikin masu zuhudun, Fada Chastin, ya yi ta dubawa dukan yini. Sa'an nan ayarin ya hau da ɗayan. A ƙwanƙolin dutsen zaiba ta tsaya a kamar santimita 63, wato ta sauko fiye da santimita 8. Périer ya maimaita awon sau biyar a wurare dabam-dabam, a cikin ɗaki da fili, cikin hazo da yayyafi da iska, amsar ba ta sāke ba. A hanyar saukowa ya tsaya a tsakiya ya auna, ya sami adadin da ke tsakanin na sama da na ƙasa. Da suka koma lambun, Fada Chastin ya shaida cewa tasa zaibar ba ta motsa daga alamar ba.

Bututun nan da aka bari a ƙasa shi ne ƙashin bayan aikin. Ba don shi ba, da mai gardama ya ce yanayi ne ya sauya da rana. Duk yaron da yake shuka wake a gwangwani biyu, ya sa wa ɗaya taki ya bar ɗaya haka, sawun Périer yake bi. Pascal ya sāke gwajin da kansa a kan wata doguwar hasumiyar majami'a a Faris, ya ga ɗan bambanci daidai gwargwadon tsayinta, ya buga rahoton da cikakken bayani yadda kowa zai iya maimaitawa. Wanda zai ɗauki irin wannan bututu daga Legas ya hau da shi Jos zai ga zaiba ta sauko wajen santimita 10.

Daga nan ya ci gaba ya nuna cewa in aka danna ruwan da ke rufe, dannawar takan bazu daidai ko'ina cikinsa. A kan wannan ƙa'ida jak mai aiki da mai yake ɗaga mota, da ita kuma birki yake kamawa. A 1971 aka sa wa ma'aunin dannawa na duniya sunan Pascal.

Inda gwaji ya tsaya

Pascal ya yi tunani sosai a kan tambayar da take damun iyayen da muka ambata. A wata gabatarwa da ya rubuta wa littafinsa a kan wuri fanko, ya raba ilimi gida biyu. Akwai abubuwan da ba a iya saninsu sai ta wurin shaidar da aka bar mana, kamar tarihi, da kuma musamman abin da Allah ya bayyana game da kansa. A nan Littafi Mai Tsarki ne yake da iko, ba a kuwa ƙara masa sabon abu. Akwai kuma abubuwan da Allah ya sa a gaban idonmu da hankalinmu, kamar lissafi da halayen ruwa da iska. A nan gwaji ne yake yanke hukunci, kuma kowace tsara tana ƙarawa a kan abin da ta gāda. Ya ga mutanen zamaninsa sun juya abin: suna ƙirƙiro sababbin koyarwa a sha'anin addini, a sha'anin halitta kuwa sun hana a wuce maganar magabata. Daga baya ma ya rubuta a fili cewa hukuncin da aka yanke wa Galileo a Roma ba zai hana duniya juyawa ba in dai juyawar take yi.

Daren 23 ga Nuwamba

Étienne ya rasu a watan Satumba na 1651. Bayan 'yan watanni Jacqueline ta shiga gidan zuhudu na Port-Royal, cibiyar farkawar nan. Blaise bai so ba, har suka sami saɓani a kan rabon gādonta. Shekarun da suka biyo ya shiga harkar manyan Faris, cikin masu hira da masu caca. Wani daga cikinsu ya kawo masa tambaya: in aka katse wasa kafin a gama, yaya za a raba kuɗin da aka zuba bisa adalci? Wasiƙun da ya yi musaya da Pierre de Fermat a kan wannan a 1654 su ne tushen lissafin yiwuwa, wanda kamfanonin inshora da masu binciken magunguna suke dogara da shi. Duk da wannan ɗaukaka, ya gaya wa Jacqueline cewa duniya ta gundure shi, Allah kuma ya yi masa nisa.

Daren Litinin, 23 ga Nuwamba, 1654, daga wajen ƙarfe 10 da rabi zuwa 12 da rabi, wani abu ya same shi wanda bai taɓa ba kowa labarinsa ba. Ya rubuta shi a takarda kamar yadda mai bincike yake rubuta abin da ya gani, da kwanan wata da sa'a. Takardar tana magana a kan wuta, da tabbaci, da salama, da hawayen farin ciki, da kuma cewa wanda ya sadu da shi Allah ne mai rai na Littafi Mai Tsarki, wanda ake samu ta hanyar Bishara kaɗai. Ya ɗinke takardar cikin shafin rigarsa, in ya sauya riga ya farke ya mayar cikin sabuwar. Sai bayan rasuwarsa wani bara ya ji tudu a jikin rigar, aka farke aka same ta.

Daga nan ya ba da alƙalaminsa ga aikin bangaskiya. Ya tsara wa makarantun yara na Port-Royal hanyar koyon karatu ta bin sautin baƙaƙe, Jacqueline kuma ta yi aiki da ita. A 1656 da 1657 ya rubuta wasiƙu 18 da sunan aro, yana kāre abokansa yana kuma tsananta wa malaman da suke sassauta zunubi don su faranta wa manya rai. Roma ta haramta wasiƙun, a 1660 kuma hukumar sarki ta sa aka ƙone littafin. Duk da haka Pascal ya zauna cikin ikkilisiyar Katolika har mutuwarsa.

Babban burinsa shi ne ya rubuta littafin da zai kai abokansa marasa kula ga Almasihu. Ya fara daga abin da kowa yake iya dubawa a cikin kansa: mutum yana da girma, gama yana tunani yana kuma marmarin gaskiya, yana da ƙasƙanci, gama ba ya iya zama shiru shi kaɗai sai ya nemi abin da zai ɗauke masa hankali daga mutuwa. Sai ya tambaya wace koyarwa ce take bayyana waɗannan biyu tare, ya nuna cewa labarin halitta da faɗuwa da fansa ne ya yi haka. Bai yi da'awar cewa ana iya auna Allah a bututu ba. Ya ce hankali mai gaskiya yakan kai inda zai gane akwai abubuwan da suka fi ƙarfinsa. Ciwo bai bar shi ya gama ba. Ya bar ɗaruruwan guntayen takardu, waɗanda danginsa da abokansa suka buga a 1670 da sunan Pensées, wato Tunane-tunane.

Kwanakin ƙarshe

Tun yana ɗan shekara 18, in ji Gilberte, bai yi yini guda ba tare da ciwo ba. A shekarunsa na ƙarshe ya ƙara wa kansa horon jiki mai tsanani, har da ɗamara mai tsinin ƙarfe, abin da ba za mu ba kowa shawarar ya kwaikwaya ba, gama Almasihu ya riga ya biya bashinmu. Amma ƙaunarsa ga matalauta abin koyi ce. Ya sayar da kayan alatunsa yana rabarwa. A watan Maris na 1662 shi da abokinsa, Duke na Roannez, suka fara sufurin kekunan doki a Faris, masu bin hanya ɗaya a kan lokaci da kuɗi ƙayyadadde, cike ko ba kowa. Wannan ne mafarin motocin haya na birni, kuma ya yi niyyar aika ribarsa ga masu fama da yunwa a yankin Blois.

Jacqueline ta riga shi, a watan Oktoba na 1661. A 1662 ya saukar da wani iyali matalauta a gidansa, sai ɗansu ya kamu da agana. Gilberte tana zuwa jiyyarsa, ana tsoron kada ta kai wa 'ya'yanta cutar. Maimakon a fitar da yaron, Pascal ya ce shi za a ɗauka, aka kai shi gidan yayarsa. A can ya rasu ran 19 ga Agusta, 1662, yana da shekara 39, bayan ya karɓi jibin Ubangiji. An binne shi a majami'ar Saint-Étienne-du-Mont a Faris.

Abin da ya bar wa iyaye da malamai

Ba kowane gida ne zai iya abin da Étienne ya yi ba. Yana da dukiya da ilimi da abokai masana, ɗansa kuma mai baiwa ne irin wadda ba a cika samu ba. Amma abubuwan da suka gina yaron ba su da tsada. Uban ya saurari tambayoyinsa, ya ba shi dalili maimakon tsawa, da ya ga dokarsa ba ta dace da yaron ba ya janye ta, ya kuma kai shi cikin waɗanda za su gwada aikinsa. Ko yaro yana makarantar gwamnati, ko ta mishan, ko ta gida, waɗannan suna hannun iyayensa.

Ga yaron da yake shirya aikin kimiyya, hanyar Pascal a bayyane take. Ya zaɓi tambaya guda da za a iya aunawa. Ya rubuta zatonsa kafin ya fara. Ya sauya abu ɗaya kaɗai, ya bar wani yadda yake domin kwatanci. Ya maimaita, ya sa wani ya duba. In sakamakon ya saɓa wa zatonsa, ya rubuta shi yadda ya fito. Uban da ya yi wa ɗansa aikin da dare, ko malamin da ya gyara adadi don allo ya yi kyau, ya koya wa yaron shaidar zur, wadda doka ta tara ta hana. Gaskiya a kan tsayin zaiba da gaskiya a gaban Allah daga zuciya ɗaya suke fitowa, kuma yaron da ya saba cewa zatona bai yi daidai ba ya riga ya fara koyon tawali'un da tuba take bukata.

Saboda haka kada mu hana 'ya'yanmu tambaya don tsoron abin da za su tarar. Duniyar da suke aunawa aikin hannun Ubansu ce. Mu koya musu abin da gwaji yake iya amsawa, mu kuma buɗe musu Maganar Allah a kan abin da ba ya iyawa. Ubangiji ya ba mu hikimar yin haka a gidajenmu da makarantunmu. Amin.